Katin da Na Cike wa Kaka

Sallama gare ku, masu biye da ni. Yau zan faɗi abin da na daɗe ina kewayewa. A wannan karon ba ni ne mai gaskiya ba, duk da cewa na fi kowa zargin mutane.

Ga wanda yanzu ya shigo: ni kafinta ne, kuma auta a gidanmu. Ni nake raka Kaka, mahaifiyar Babanmu, wajen motsa jikin tsofaffi. Jami'a ce ta turo ɗalibanta masu karatun lafiya, duk Talata da Asabar, har sati goma sha biyu. A ɗakin taro na unguwa ake yi. Kujerun roba ne a jere, fanka uku amma ɗaya ce ke juyawa, sai ɗalibai cikin fararen riguna, kowa da tsofaffinsa huɗu. Tafiyar minti goma ce daga gida, amma ni da Kaka sai mun ci rabin awa, don gwiwarta ta hagu ba ta son hanya, bakinta kuma ba ya wuce kowa bai gaisa ba.

Wadda Kaka ta faɗa hannunta wata ce 'yar siririya mai tabarau, kullum da baƙin mayafi da agogon roba a hannu. Ta sha faɗa cewa ita ba likita ba ce, gyaran gaɓɓai take karanta, kuma saura mata shekara. Kaka ba ta ji ba. 'Yar Likita ta sa mata, sunan kuma ya zauna, har a wayata haka na ajiye ta.

Lambata ta shiga hannunta ne saboda takardar rajista ta nemi lambar wanda ke kwana gida ɗaya da tsohon. Kaka tana da waya, amma amsawa kawai ta iya. Sai ga saƙo duk safiyar Talata da Asabar: "Ina kwana. Yaya Hajiya ta tashi? Kar a manta ƙarfe goma, a zo da ruwa da kati." Da ɗan hoton fure a ƙarshe.

A sati na uku ta tambaye ni ko zan iya haɗa musu ɗan matakala na katako, wanda rukunin tsofaffi masu ƙarfi za su riƙa hawa suna sauka. Na yi musu, tsayinsa inci takwas, na goge gefensa sumul, na manna roba a ƙasa don kar ya zame. Daga ranar aka fara saƙon yamma. Ta turo min hoton kantar littattafanta da ta karkace, na gaya mata inda za ta sa ƙusa. Washegari ta tambaya ko na tashi daga shago. Ni rubutu yana cin min lokaci, sai in tura murya, ita kuma ta ce muryata kamar mai lallashin katako. Na saurari wannan magana a raina ya fi sau hamsin.

A gida kuwa an sa min ido. Baba ya riga ya ce kafin shekara ta ƙare in fito da wadda nake so, in ba haka ba Goggo tana da sunaye a baki. Umma ba ta matsa min, sai dai duk na zauna cin abinci ta ambaci 'yar wane da ta iya gaisuwa. Yayata ce matsalar. Tana aure layi biyu daga namu, tela ce, kuma idonta kamar allurarta. Wata Asabar ta shigo ta same ni ina goge shuɗiyar rigata, wadda ba na sawa sai da dalili. Ta tsaya a bakin ƙofa ta yi ta kallona, sannan ta tambaya ko tsofaffin ne suka ce sai da guga.

Na ci gaba da guga. Ta ɗauki wayata daga kan katifa, ta ga sunan, ta ajiye.

"Auta, bari in gaya maka tun da wuri," in ji ta. "Yarinyar nan maki take nema. Kai ne igiyar da take jan Kaka da ita. Ranar da suka gama, ko sannu ba za ka samu ba."

Na ce mata ba kowa ne haka ba. Ta ce gaskiya ne, amma 'yar jami'a da mai zarto, in yi lissafi da kaina.

Maganar ta zauna min kamar ƙusar da ta lanƙwashe a katako, ba ta shiga ba, ba ta fita ba. Ranar Talatar da ta biyo baya ina zaune a bencin waje, inda mu 'yan rakiya muke jira, sai ɗan wani dattijo da ake kira Tsohon Direba ya matso. Mahaifinsa ma a hannun 'Yar Likita yake. Shi ɗan mutum ne mai surutu, yana da shagon gyaran waya, kuma ba a zama da shi minti biyar bai nuna maka wani abu ba. Ya ce wallahi yarinyar nan tana da kirki, kullum sai ta gaishe shi. Ya miƙo min wayar.

Saƙon ne. Kalma da kalma. Alhaji kawai aka sa a wurin Hajiya. Har furen, launi ɗaya.

Na so in tambaye shi ko shi ma yana samun na yamma, amma na fasa. In ya ce e, ina zan sa kaina? Na mayar masa da wayarsa na ce lallai tana da kirki.

Kamar abin bai isa ba, da aka tashi na je ɗauko sandar Kaka, sai na ji ɗalibai biyu suna magana a bayan ƙofa. Ɗaya tana cewa tsohonta ya daina zuwa, kuma Malamarsu ta ce duk wanda tsofaffinsa suka watse ko ba su ci gaba ba, sai ya yi bayani a rubuce, kuma rahoton yana cikin jarrabawa. Ɗayar ta ce shi ya sa ita take lallaɓa 'ya'yan, don su ne masu kawowa. Suka yi dariya. Ni ban yi ba.

Tun daga nan na fara auna kowane saƙonta kamar ina auna katako. In ta ce yaya aiki, sai in ce a raina, aikin wa? In ta yi dariya, sai in duba ko gobe Talata ce. Amma ban daina amsawa ba. Kar ku ga laifina.

To, yanzu ga nawa laifin.

Kowane tsoho ana ba shi katin gida. Kati ne mai gidaje, kowace rana biyu, safe da yamma. Abin da aka ɗora wa Kaka shi ne ta tashi daga kujera ta zauna sau goma, sannan ta dafa bango ta ɗaga duddugenta sau goma. In ta yi, wanda ke gida ya sa alama. Ranar Talata a kai wa ɗaliba ta duba.

Kaka ta yi kwana biyu. A na uku ta ce ita ba soja ba ce. Ta ce a can ma don kunyar idon mutane take yi, da kuma don Tsohon Direba kar ya ce ya fi ta. Na lallaɓa, na yi fushin ƙarya, na ce zan daina saya mata lemo. Ta kalle ni ta ce, "Maigida, in ka gaji da ni ka sake ni mana." Haka take kirana tun ina rarrafe, kuma da ta faɗi haka magana ta ƙare.

Safiyar Talata na ɗauko katin, gida huɗu kawai ke da alama. Kaka ta leƙa ta ce in cike wa yarinya, kar ta faɗi jarrabawa a kanta, iyayenta sun kashe wahala. Na zaro fensirin da ke bayan kunnena na cike. A raina na ce sau ɗaya ne. Da 'Yar Likita ta karɓa ta ga ya cika, ta ɗago ta yi min wani murmushi, ta ce da duk jikoki haka suke da aikinsu ya yi sauƙi.

Wannan murmushin ne ya cike sauran katunan. Sati biyar ina yi. Har dabara na koya: wata alamar in karkata ta, wata in danna fensir, don kar su yi kama da na zama ɗaya. Ni da nake zargin ta da neman maki, ni ne nake ƙera mata su a kan bencin shagona.

Talatar sati na shida ta riƙe katin ya fi yadda ta saba. Ta gyara tabarau. Ta tambaya ko Hajiya ba ta taɓa fashi ba, ko ranar da ta yi mura. Na ce ba ta yi ba. Ta ce to. Sannan ta zaunar da Kaka, ta danna agogonta, ta ƙirga sau nawa za ta tashi a rabin minti. Sau biyar. Na tuna a satin farko ma biyar ne. Ta rubuta, sannan na ga ta kalle ni ta saman tabarau. Na sha jinin jikina.

Ranar Alhamis bayan la'asar ina share garin katako a shago, wayata ta yi ƙara.

"Malamarmu ta ga katunan Hajiya. Ta ce tunda tana yi kullum, ranar Asabar a mayar da ita rukunin matakala, ba riƙo. Na gode, da taimakonka ne."

Na zauna a kan benci da tsintsiya a hannu. Na karanta sau uku. Na farko gwiwar Kaka na tuna. Na biyu na ce, ka gani, murna take yi, tsohuwarta ta ci gaba, rahoto ya yi kyau, Yaya ta yi gaskiya. Na uku kuma wani tunani ya zo min: anya ba tarko ba ne? Wadda ta ƙirga biyar da agogonta, ita ce za ta yarda Kaka ta hau matakala? Ko so take ta ga abin da zan ce? Kalmar nan ta "da taimakonka ne" na juya ta gaba da baya, na kasa gane ko godiya ce ko zungura.

Na tura mata "Madalla." Ita kaɗai. Ba ta sake cewa komai ba.

Ranar Juma'a na ɗauko guntun katako mai kauri, wanda bai ma kai inci shida ba, na ajiye a tsakar gida. Na gaya wa Kaka abin da ke jiranta. Ta ce ai ba dutse ba ne, ta haifi tara, matakala ce za ta gagare ta? Ta gyara zani, ta dafa kafaɗata, ta ɗora ƙafar dama. Da ta zo ɗago ta hagu sai na ji duk nauyinta ya dawo kaina. Gwiwar tana rawa, ina gani ta cikin zani. Na riƙe ta na zaunar a kujera. Ta mayar da numfashi, sannan a hankali ta ce in ɗauke abin nan kafin uwata ta gani.

Umma ta riga ta gani, daga tagar kicin. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce kawai in tsohuwar nan ta faɗi a hannun baƙi, ni zan tsaya gaban Baba in yi bayani, ita ba ruwanta. Ta koma ciki.

Na yi tunanin in ce Kaka ba ta da lafiya, mu ƙi zuwa. Amma Talata fa? Na yi tunanin in tura murya, na ɗauka sau huɗu ina gogewa. Abin da ya fi damuna, ku ji son kai, ba Kaka kaɗai ba ce. Na san in na faɗa, ɗaya daga biyu ne. In maki take nema, na ɓata mata rahoto, ta yar da ni. In kuma ba maki take nema ba, to na yi wa mutuniyar kirki ƙarya sati biyar, ta yar da ni. Ko ta ina na biyo, ƙofa ɗaya ce.

Asabar ban goge riga ba. Na sa ta aiki, mai tabon fenti a aljihu. Kaka ta sa atamfarta mai ruwan ƙasa da farin mayafi, ta fesa turare kamar mai zuwa karɓar kyauta, duk hanya ba ta gaisa da kowa ba.

Mun tarar an ajiye matakalata a tsakiyar ɗaki. Tsohon Direba yana kai, yana hawa yana sauka yana kallon mutane. Malamar tana gefe da babban fayil, mace mai jiki da ƙaramar murya, wadda ɗaliban ke miƙewa in ta wuce. 'Yar Likita ta zo ta gaishe da Kaka har ƙasa, ta karɓi sandarta ta jingina a bango. Ni ko kallona ba ta yi ba. Ta kama hannun Kaka suka nufi tsakiya, taku ɗaya, biyu, uku.

"Malama," na ce wa 'Yar Likita. "Don Allah minti ɗaya."

Ta tsaya. Ta zaunar da Kaka a kujerar da ke kusa, kamar dama kujerar jiranta take. Muka fita baranda.

Na faɗa mata duka, idona a kan takalmana. Kwana biyu kawai Kaka ta yi. Sauran ni ne, da fensir, safiyar Talata. Na gaya mata na jiya da guntun katako. Ban sa sunan Kaka a laifin ba, don hannuna ne ya rubuta.

Ta saurara har na gama. Sannan ta ce tun sati na huɗu take zargi, don ƙafar da ke aiki sau arba'in a rana ba ta tsayawa a biyar. Ta gaya wa Malama shakkarta, Malama ta ce ba a ƙaryata iyali ba hujja, a gwada ta a gani, amma ɗaliba biyu su tsaya dama da hagu. Ta ce ba za ta bar Hajiya ta faɗi ba ko da na yi shiru.

"Amma na so in ji daga bakinka," in ji ta. "Tun Alhamis nake jira. Madalla ka turo min."

Na ce tsoro na ji kar rahotonta ya lalace. Ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ido ba, ta ce rahoton da aka gina a kan ƙarya shi ne lalatacce, kuma yanzu za ta shiga ta gaya wa Malama a soke sati biyar na Hajiya, a fara daga farko. Na tambaya ko hakan zai taɓa makinta. Ta ce zai taɓa.

Ban san abin da ya tura ni ba. Wataƙila na ga tunda na zube, gara in zube duka. Na ce na ga saƙonta a wayar ɗan Tsohon Direba, har da furen.

Ta cire tabarau ta kalle ni sosai, karo na farko a ranar.

"Na safe na aiki ne. Malama ce ta rubuta, duk mu ashirin shi muke turawa." Ta mayar da tabarau. "Ka tambaye shi ko ya san kantar littattafaina ta karkace?"

Na ce ban tambaya ba.

"Da ka tambaye ni."

Ta buɗe fayil ɗinta ta zaro sabon kati. Na miƙa hannu, ba ta ba ni ba. Ta ce dokarsu ce, in aka samu haka sai a canza mai sa alama, tana buƙatar lambar wani a danginmu, wanda Hajiya ke jin maganarsa. Na tsaya ina tunani. Baba yana fita tun safe. Umma ba ta iya yi wa surukarta tsawa. Mutum ɗaya ce a duniya Kaka ke shakka.

Na karanto mata lambar Yaya. Kowace lamba da na faɗa kamar ina cire haƙori.

'Yar Likita ta koma ciki. Ta taga na ga ta tsaya gaban Malama tana bayani, hannayenta a baya, Malama tana rubutu ba ta ɗago ba. Aka mayar da Kaka rukunin kujera. A hanyar gida Kaka ta ce ita dama ba ta son matakalar, kafintan da ya yi ta bai iya aiki ba. Na ce haka ne.

Yammar ranar babu saƙo. Lahadi ma babu.

Litinin da hantsi ina shirin fita shago sai ga Yaya, da tef ɗin awo a wuya da sabon kati a hannu, ta je ta karɓo da kanta. Ko gaisuwar kirki ba ta yi ba ta ja kujera tsakar gida, ta ce Kaka bismillah. Kaka ta fara cewa ita ba soja ba ce. Yaya ta ce yau ta zama. Sau goma cif, tana ƙirgawa da ƙarfi, Kaka tana tsine wa jami'a da wanda ya gina ta. Yaya ta sa alama da biro, ta rubuta lokaci a gefe.

Na raɓa zan wuce, ta ce in tsaya. Na shirya jin "ai na gaya maka." Ba ta faɗa ba. Ta dube ni daga sama har ƙasa, irin kallon da take yi wa yadin da ba ta yanke shawarar yadda za ta yanka shi ba. Ta ce yarinyar nan ta kira ta jiya, sun yi minti ashirin, biyar a kan gwiwar Kaka.

"Sauran fa?"

"Ta tambaye ni ko haka halinka yake. Ko ka saba."

"Me kika ce mata, Yaya?"

Ta ninke katin ta sa a jaka, ta gyara mayafi, sai da ta kai bakin ƙofa sannan ta juyo.

"Gaskiya na gaya mata."

Ta fita. Na tsaya a tsakar gida da makullin shago a hannu. Yaya ta san ni tun ranar da aka haife ni, tana da gaskiya iri-iri a kaina, masu kyau da marasa kyau. Wacce ta zaɓa, ban sani ba. Gobe Talata, kuma har yanzu ni ne mai rakiya.